An ce in shugabanci sashen injiniyan man fetur: in karɓa ko in ƙi?

"Assalamu alaikum, Farfesa. Ni babban malami ne a wata jami'a a nan Abuja. Shugaban tsangayarmu ya kira ni ya ce ana so in karɓi shugabancin sashen injiniyan man fetur da iskar gas daga zango mai zuwa. Mu bakwai ne malamai, biyu kacal ke da digirin dakta, ɗalibai kuwa sun kai 180. Ɗakin gwajinmu kayan gwada taɓon da ake zubawa a rijiya lokacin haƙa ne kawai a ciki, ga NUC, hukumar kula da jami'o'i, da COREN, majalisar da ke yi wa injiniyoyi rajista, suna tafe tantancewa nan da wata goma sha huɗu. Iyaye kuma sai tambayata suke yi ko karatun mai yana da sauran amfani, tunda duniya na ta maganar barin fetur. In karɓa? In na karɓa, ta ina zan fara?"

Wa alaikumus salam, Dakta. Tambaya ɗaya ka yi, amma na ƙirga uku a cikinta: ko kujerar ta kai abin da za ta ci maka, yadda mutum bakwai za su tsallake tantancewar da aka auna da mutum goma sha biyu, da abin da za ka faɗa wa uban da ya biya kuɗin makaranta yana jin ana cewa zamanin fetur ya zo ƙarshe. Na riƙe irin wannan kujera wa'adi biyu a wata jami'ar gwamnati kafin in dawo Abuja, daga baya kuma na sha shiga ayarin masu tantancewa. Na zauna a ɓangaren da ake tambaya, na zauna a ɓangaren da ke tambaya.

Ka karɓa, amma ba da baki ba. A yawancin jami'o'inmu wa'adin shekara biyu ne, kuma shekara biyun nan daga bincikenka za a yanke su. Kai babban malami ne, gabanka akwai matakin mataimakin farfesa, kuma ranar da za a aika takardunka ga masu auna su daga waje, maƙalunka za su ƙirga, ba yawan zaman kwamitin da ka halarta ba. Saboda haka kafin ka amsa, ka nemi shugaban tsangaya ya rubuta maka abu biyu a takarda: a rage maka darussa zuwa ɗaya ko biyu a zango, kuma a amince a ɗauki malamai kafin masu tantancewa su iso. In ya ce "ka fara tukuna, za a duba", ka sani ba za a duba ba. Wanda ake roƙo ya hau kujera yana da ƙarfin ciniki na mako ɗaya ne kacal, da zarar ya zauna ya zama mai roƙo shi ma. Sannan ka shirya zuciyarka, domin babba juji ne. Ɗalibin da sakamakonsa ya ɓata, malamin da ba a biya kuɗin duba furojet ba, fankar da ta tsaya a aji, duk ƙofarka za su buga.

Malamai tukuna

Ma'aunin NUC a fannin injiniya shi ne malami ɗaya ga ɗalibai 15. Raba 180 da 15, ka ga goma sha biyu. Biyar kake nema. Ba yawan kawai ake dubawa ba, har da tsarin muƙamai: kusan kashi 20 farfesoshi da mataimakansu, 35 manyan malamai, 45 ƙanana. COREN kuma za ta tambayi wa ke da rajista da ita, wa ya sabunta lasisinsa na bana, kuma da kai za ta fara.

Amma ni abin da na fi so ka fara dubawa ba ya cikin fom ɗin kowa. Ɗauki takarda ka rubuta ginshiƙan karatun nan: sanin rumbun mai na ƙarƙashin ƙasa, haƙa rijiya, fito da mai da sarrafa shi a bakin rijiya, karanta bayanan da na'ura ke ɗaukowa daga cikin rijiya, iskar gas, da lissafin riba da haraji. A gaban kowanne ka sa sunan wanda ya san shi da gaske, ba wanda jadawali ya ɗora wa ba. A sassa da yawa da na ziyarta, za ka tarar malamai biyar duk ta injiniyan sinadarai suka biyo, kowa na son koyar da tace mai, ba wanda ya taɓa tsayawa a kan dandamalin haƙa. In haka naka yake, gurabun nan biyar ka cike su da giɓin, kada a cike maka su da 'yan uwan manya.

Kowa ya san dalilin da malamin mai ke wuyar riƙewa: kamfani na biyan yaron da ka yaye jiya abin da farfesa ba ya samu. Ba za ka ci wannan gasa ba, kada ma ka shige ta. Abin da kake da shi wanda takwaranka na wani gari ba shi da shi, Abuja ce kanta. Hedikwatar NNPC na nan, hukumomin sa ido kan harkar mai, NUPRC da NMDPRA, da dokar man fetur ta 2021 (PIA) ta kafa a madadin tsohuwar hukumar DPR suna nan, PTDF, asusun bunƙasa fasahar man fetur, na nan. Garin cike yake da injiniyoyin da suka yi shekara talatin a Fatakwal da Warri suka ajiye aiki, suna zaune a Gwarinpa ko Lokogoma, da yawansu suna marmarin a saurare su. Ka jawo biyu ko uku su riƙa koyarwa na wucin gadi. Sai dai ka san halinsu: za su ba yara labarin da babu shi a littafi, amma duba takardun jarrabawa 60 cikin mako biyu ba aikinsu ba ne, kuma masu tantancewa ba sa ƙirga su a matsayin cikakkun malamai. Ni haɗa kowane dattijo nake yi da ƙaramin malami ɗaya. Dattijon ya koyar, yaron ya riƙe rajista da maki, bayan shekara biyu yaron ya iya darasin.

Batun digirin dakta, akwai tallafin PTDF, akwai na TETFund in jami'arku ta gwamnati ce, domin asusun ba ya shiga masu zaman kansu. Akwai kuma jami'ar AUST a Galadimawa, wadda aka kafa a 2007, tana ba da manyan digirori, har da na man fetur, inda malaminka zai yi karatu bai bar gari ba. Kada dai ka saki uku lokaci guda. Na yi wannan kuskuren don kada a ce na tare wa wani hanya, na wayi gari ina koyar da darussa huɗu.

Mutum ɗaya da ake mantawa da shi: ma'aikacin ɗakin gwaji. In kana da nagari, ka riƙe shi da hannu biyu, ka tura shi horo kafin ka tura kanka taro.

Tantancewa

Hanyar da aka saba bi ka san ta. Saura mako biyu, a yi fenti, a aro na'urori daga wata makaranta, a aro farfesoshi biyu su zauna a ofis na kwana uku. Ina roƙonka kada ka bi ta. Wata rana muna zagaya wani ɗakin gwaji, na ga na'urar auna kaurin taɓo sabuwa fil, amma a gefenta an kankare lambar kadarar wata makaranta, ba a gama kankarewa ba. Ban ce komai ba. Na ce wa ma'aikacin ya zuba ruwa zalla a mazurarin Marsh, wanda ake gwada kaurin taɓo da shi, ya nuna mana. Duk wanda ya taɓa aiki da shi ya san ruwa na cika kofin cikin daƙiƙa 26, da shi ake gane mazurarin lafiya yake. Bawan Allah ya tsaya yana juya mazurarin yana kallon shugaban sashensa. Zanen aro ba ya rufe katara, kuma waɗanda za a turo maka sun riƙe sashe, sun san duk inda ake ɓoye abu.

Lissafin NUC a fili yake. Cikakkiyar tantancewa ta shekara biyar na buƙatar maki 70 cikin 100 a jimlace, da 70 a kowane ɗaya daga manyan fannoni huɗu: abin da ake koyarwa, ma'aikata, gine-gine da kayan aiki, da laburare. In ka gaza a ɗaya, ta wucin gadi za ka samu, ta shekara biyu. In aka hana gaba ɗaya, an rufe maka ɗaukar sababbin ɗalibai. Ka lura, fanni biyu daga cikin huɗun ba kuɗi mai yawa suke ci ba, tsari suke ci.

COREN ce ta sauya salo, kuma nan mutane ke faɗuwa. Tun da ta zama cikakkiyar mamba a 2023 a yarjejeniyar Washington, wadda ƙasashe ke amincewa da digirin injiniyan juna a ƙarƙashinta, tambayarta ta tashi daga "me kuka koyar" ta koma "me ɗalibin ya iya, ina shaida". Kowane darasi sai da fayil ɗinsa: abin da ake so ɗalibi ya iya a ƙarshe, tambayoyin jarrabawa da yadda kowace ta auna wannan abin, tsarin ba da maki, samfurin takardun da aka duba na mai ƙoƙari da matsakaici da rarrauna, rahoton mai jarrabawa na waje, da abin da aka gyara bayan an ga inda yara suka faɗi. Za su nemi bayanan zaman kwamitin mashawarta daga masana'antu, za su zauna da ɗalibai ba ka cikin ɗakin. Irin wannan ba ya haɗuwa a dare ɗaya, tawada ma takan tona asiri. Ba a fafe gora ranar tafiya. Wata goma sha huɗu zango biyu ne cikakku da 'yan kai, sun ishe ka in ka buɗe fayilolin a makon farko, ka kuma ƙi sa hannu a sakamakon duk malamin da bai kawo nasa ba. Za a yi fushi da kai zango ɗaya, a na biyu ya zama al'ada.

Kashi talatin ɗin da aka bar maka

A nan nake so ka daɗe kana tunani. Manhajar CCMAS da NUC ta fitar a ƙarshen 2022 ta tsayar da kashi 70 na darussa, ta bar wa kowace jami'a 30 ta cike da kanta. Sassa da yawa kwafo na wata jami'ar kudu suka yi suka liƙa. Asara ce. Jami'ar Ibadan da ta Fatakwal sun riga ka da shekaru masu yawa, ta Fatakwal ɗin kuma rijiyoyin a bayan gidanta suke. Kai a kan dutse kake zaune. Duwatsun Abuja da kewayenta, irin su Zuma da Aso, ba sa ajiye ko ɗigon mai. In ka ce za ka zama ƙaramar Fatakwal, kullum a baya za ka tsaya.

Duba abin da ke kusa da kai. Bututun gas na AKK mai tsawon kilomita 614, daga Ajaokuta zuwa Kaduna da Kano, ta gefenka ya ratsa, kuma bututu na buƙatar masu auna gas, masu kula da matsi, masu gano tsatsa da yoyo, shekara da shekaru bayan an gama shimfiɗa shi. Hukumomin da ke ba da lasisi da lissafa kason gwamnati suna nan, don haka ɗalibinka ya kamata ya fi na kowa sanin PIA da yadda ake lissafin ribar rijiya. A Azara ta jihar Nasarawa ana haƙar barayit, ma'adinin da ake ƙara wa taɓon haƙa nauyi da shi. Ɗakin gwajin da kake rainawa, na taɓo, shi ne daidai wannan aikin: ɗalibi ya ɗebo samfur, ya auna ko nauyinsa ya ninka na ruwa sau 4.2 kamar yadda masana'antar ta saba nema, in bai kai ba ya gano me ya gurɓata shi. Haka yumɓun bentonayit na ƙasar nan, yawancinsa mai sinadarin kalsiyam ne, ba ya kumbura kamar na waje sai an gyara shi da soda. Furojet goma na fita daga nan, kuma bincike ne da kai ma za ka iya wallafawa ba ka bar ofis ba, ka rage asarar shekara biyun da na faɗa maka.

Sannan ka sa musu rubuta manhajar kwamfuta da Python tun daga aji biyu, a cikin darussan lissafin rumbu, ba a matsayin wani darasi na daban da za a haddace a manta ba.

In kuɗin kaya ya samu, za a zo maka da takardar na'urar gwajin mai a ƙarƙashin matsi da zafi, wadda ake kira PVT, domin ita ce mai tsada, mai kyau a hoto. Ka dakata. Tana son wuta marar yankewa, da ƙwararren da zai riƙa daidaita ta, da kayan gyara na dala. Na ga irinta fiye da ɗaya a lulluɓe da leda. Fara da na'urar yanko guntun dutse, da mai auna yawan ƙofofin da ke cikinsa, da mai auna yadda iska ke ratsa shi. Duwatsun gwajin kuwa kyauta ne: ɗauki yara a bas ku bi hanyar Lokoja, bayan Abaji za ku fara ganin duwatsun yashi da na laka na kwarin Bida a inda titi ya yanka tudu. Yaron da ya ɗebo dutse da hannunsa ya auna shi ba zai sake ruɗewa a kan dokar Darcy, mai bayyana yadda ruwa ke ratsa dutse, ba.

Manhajojin kwamfuta na nazarin rumbun mai da kamfanoni ke yi, irin su Petrel da Eclipse na SLB, ko na CMG da Petex, ana ba jami'o'i lasisinsu na koyarwa in an nema a rubuce, sai dai a riƙa sabuntawa, kuma sai ka sa mutum ɗaya ya riƙe wannan aikin. Kafin su zo, akwai MRST da OPM Flow, kyauta ne. Kamfanin Equinor kuma ya saki bayanan filin mai na Volve da ke ɓangaren Norway na Tekun Arewa gaba ɗaya a 2018. Bayanan rijiyoyi na gaske ke nan, abin da kamfanonin gida ba sa sakin ko shafi ɗaya nasa cikin sauƙi.

SIWES, da wayar manya

Wata shidan da ɗalibi ke yi a masana'anta a aji huɗu, ƙarƙashin shirin SIWES na hukumar ITF mai hedikwata a Jos, shi ne inda sashen Arewa ya fi rauni. Yaron Fatakwal daga gidansu zai riƙa zuwa aiki. Namu sai ya nemi gurbi, ya nemi ɗaki, ya nemi abinci a garin da bai san kowa ba. Ƙarshenta sai ka gan shi a ofishin kawunsa a sakatariya ana sa masa hannu a littafi. In mace ce, mahaifinta zai zo ofishinka da kansa ya tambaye ka a ina za ta kwana, kuma yana da gaskiya. Ka tanadi amsa kafin ya zo: ka tura su biyu-biyu ko uku-uku, ka san tsohuwar ɗaliba ko iyalin da za su sa ido.

Neman gurbi shekara guda kafin lokaci ake fara shi, kuma ba da wasiƙa kaɗai ba. Ka raya reshen ɗalibai na SPE, ƙungiyar injiniyoyin man fetur, ka kai su laccar Oloibiri da ake yi a nan Abuja kowace shekara, ka je babban taronta na Legas a watan Agusta da jerin sunayen yaranka a aljihu. Kada ka tsaya kan manyan sunaye. Shell da ExxonMobil da Eni sun sayar da kamfanoninsu na tudu da bakin teku ga Renaissance da Seplat da Oando tsakanin 2024 da 2025, ga kuma ƙananan kamfanonin hidima, waɗanda a wurinsu ne yaro ke taɓa ƙarfe da hannunsa. In duk ta ƙi, na fi son ɗalibina ya yi wata shida da masu haƙa rijiyar burtsatse a Kuje da ya yi su a ofis mai sanyi yana kai fayil. Aƙalla zai ga taɓo na zagayawa, ya ga an saka bututu, ya ga ranar da ƙarfe ya maƙale a rami.

Sai maganar da ba a rubutawa. Abuja garin manya ne, za a kira ka a kan ɗan wane da ya faɗi darasi. Kada ka taɓa zama kai kaɗai ne mai iko da maki. Kowane sakamako ya bi ta zaman malaman sashe, a rubuta, kowa ya sa hannu. In waya ta zo sai ka ce, "Ranka ya daɗe, ya riga ya wuce hannuna", kuma ya zama gaskiya ka faɗa. Ni kuwa laifin da har yau yake damuna ba na waya ba ne. Na yi wa wani malami kawaici a kan jinkirin sakamako don ya girme ni, muka rasa zaman majalisar jami'a, yara goma sha wani abu suka rasa tafiya hidimar ƙasa tare da 'yan ajinsu. Kunyar da na ji ta dattijo ɗaya, su suka biya ta da watanni.

Abin da za ka faɗa wa iyaye

Ka faɗa musu gaskiya, za su iya ɗauka. Nijeriya na da ɗanyen mai kimanin ganga biliyan 37 a ƙasa, gas kuma ya haura kubik ƙafa tiriliyan 200, ba a rayuwar 'ya'yansu za a rufe wannan harka ba. Amma harka ce mai kuɗi da yawa da ma'aikata kaɗan, kuma tana hawa tana sauka. Ganga ta haura dala 100 a tsakiyar 2014, ta faɗo ƙasa da 30 a farkon 2016, a Afrilun 2020 kuwa farashin man Amurka ya nutse ƙasa da sifili na yini guda. Duk faɗuwa, ɗaukar sababbi ake fara tsayarwa. Yaron da ya shigo aji ɗaya bai san kasuwar da zai tarar bayan shekara biyar ba, balle in yajin aiki irin na wata takwas na 2022 ya shiga tsakani.

Za su kawo maka zancen Kolmani. NNPC ta sanar da samun mai a can, kan iyakar Bauchi da Gombe, a 2019, Shugaba Buhari ya ƙaddamar da aikin a Nuwamban 2022, aka kuma fara haƙa rijiyar Ebenyi a Obi ta Nasarawa a 2023. Abin a koyar ne a aji, kuma ya kamata ɗalibanka su san kwarin Binuwai fiye da kowa. Amma tsakanin samun mai da sayar da shi akwai rijiyoyin tabbatarwa, da bututu, da masu zuba jari. Kada ka yi wa uba alkawarin aiki a kansa. Abin da za ka iya yi masa alkawari shi ne ɗansa zai fita ya san yadda ruwa da iska ke tafiya a cikin dutse da bututu, ya iya lissafi da kwamfuta. Da wannan ilimin ake aikin gas, da shi ake neman ruwan ƙasa, da shi ake tura iskar kabon cikin tsofaffin rumbuna a adana ta. Saboda haka ne ma nake ganin kada ka yarda a ƙara maka yawan ɗalibai don kuɗin shiga, ko da ka samu malaman nan biyar.

Duk abin nan daga jami'ar gwamnati na kawo shi. Ba ka faɗa mini taku wace iri ce ba. In mai zaman kanta ce, ba ka da TETFund, ba ka da yajin aiki, kuma mai makarantar na iya yanke cikin yini ɗaya abin da majalisa ke shekara tana tattaunawa, alheri ne ko akasinsa. Dokar jami'arku tana gaba da maganata, ka karanta sashen da ya fayyace ikon shugaban sashe kafin ka sa hannu. Ranar karɓar aiki kuma kada ka yarda da miƙa makulli a tsaye. Ku zauna da wanda ka gada, ku bi rahoton tantancewar da ta wuce layi-layi, ku ƙirga na'urori da ma'aikacin ɗakin gwaji yana kunna kowace a gabanku, ku rubuta sunan duk ɗalibin da ke da sakamakon da bai fito ba. Ku biyu ku sa hannu, kwafi ɗaya ya tafi ofishin shugaban tsangaya.